Garmin Coach da Batun Rage Ƙiba: Abin da Na Gani

Duk wanda ya taɓa yunƙurin rage ƙiba ya san inda gizo ke saƙar. Da farko sikeli yana ba da haɗin kai, daga baya sai ya cije, mutum ya yi ta hawa yana sauka amma lamba ɗaya yake gani, har gwiwarsa ta yi sanyi. A daidai wannan gaɓar ce na ga amfanin Garmin Coach, tsarin horo da ke cikin manhajar Garmin Connect, wanda ke tura atisayen kowace rana kai tsaye zuwa agogon hannu na motsa jiki na kamfanin Garmin.

Akwai tsarin kilomita 5, da na 10, da na rabin gudun famfalaki, wato kilomita 21.1. Na ƙarshen na ɗauka, na sa ranar gasa, na zaɓi Jeff Galloway a matsayin koci. Ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, kuma an san shi da koyar da gwama gudu da tafiya: a ɗan ruga, a ɗan taka, tun kafin gajiya ta kama mutum. Ga mai jiki wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Ba haki kamar rai zai fita, gaɓoɓi ba sa kuka washegari, kuma kunyar nan ta tsayawa a tsakiyar hanya ta kau, tunda agogon ne da kansa ya ce a taka.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne doguwar sassarfa ta ƙarshen mako. Nisanta yana ƙaruwa sannu a hankali, ga kuma gwajin mil ɗaya da ake maimaitawa jifa-jifa don a ga ko sauri ya ƙaru. Makon da sikeli ya ƙi motsi, sai in duba in ga na ci nisan da a da ko a mafarki ban kai ba. Manhajar tana da wani ma'auni mai nuna yiwuwar cika burin da aka sa, kuma ranar gasa tana matsowa ko mutum ya shirya ko bai shirya ba. Waɗannan biyun sun fi kowace nasiha tayar da ni da asuba.

Sai dai a fahimci abu guda: tsarin tsere ne, ba na abinci ba, kuma bai ce shi na abinci ba ne. Lissafin ma ba ya da wuya. Mai gudu yana ƙona kusan kalori 1 (ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci) a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, don haka mai kilo 90 da ya yi kilomita 10 ya ƙona wajen 900. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. Ke nan sai ya haura kilomita 80 kafin kilo guda ya tafi, in gudu kaɗai ya dogara da shi. Ga yunwar da ke biyo bayan doguwar sassarfa, wadda kan sa mutum ya mayar da abin da ya ƙona a zama ɗaya, yana cewa ai ya sha wahala. Adadin kalorin da agogunan hannu ke nunawa ma ƙiyasi ne, kowane iri ne kuwa, ban taɓa auna cina da shi ba.

Nauyina ya ragu, amma a hankali, kuma ɗamara ta riga sikeli shaida hakan. Wanda ke neman zubar da teɓa cikin wata guda ya nemi wata hanyar. Wanda matsalarsa farawa da dainawa ce, shi nake ba shawara ya gwada, ya fara da kilomita 5 in bai saba ba. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya sa ranar gasa.