Kit ɗin Salifert na auna KH, ra'ayina ga masu tankin murjani

Jama'a masu tankin ruwan gishiri, duk wanda ya ga yashin ƙasan tankinsa ya fara dunƙulewa yana tauri kamar an zuba masa siminti, kafin ya ɗora wa mai shagon laifi don Allah ya fara auna alkaliniti tukuna, wato KH, ƙarfin ruwa na hana tsami ya taso masa. Yashin aragonayit ne, asalinsa ma kalshiyam kabonet, to in kana zuba bakin soda (baking soda, wadda ake ɗaga KH da ita) da yawa lokaci ɗaya ko pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya haura, sai alkalinitin da kalshiyam ɗin cikin ruwan su haɗu su daskare a jikin ƙwayoyin yashin su manne su, irin farin abin nan da kake gani ya kama jikin hita da famfo shi ne dai.

Ni kit ɗin Salifert KH/Alk nake amfani da shi wajen awon, ɗan Holan ne, kuma gaskiya ya ci kuɗinsa. Aikin ba wuya: ruwan tanki mil 4 a 'yar kwalbar, ka ɗiga ruwan kalar, sannan ka ja ɗaya maganin a sirinji mai mil 1 kana ɗigawa ɗaya bayan ɗaya kana ɗan juya kwalbar har kalar ta tashi daga shuɗi-shuɗi ta koma ruwan lemo ko hoda. Sai ka duba inda baƙar robar sirinjin ta tsaya ka nemi lambar a takardar. 'Yar iskar da ke shiga tsakanin robar da maganin kar ta dame ka, haka yake, mutane da yawa suna ta fama sai sun fitar da ita a banza.

Abin da ya sa na fi son sa a kan takardun nan da ake tsomawa a ruwa shi ne yana nuna ƙaramin canji. Ruwan teku kansa wajen 7 dKH yake (dKH shi ne ma'aunin KH), masu tanki kuma suna riƙewa tsakanin 7 zuwa 11, amma wallahi murjani bai damu da wace lamba ka zaɓa ba kamar yadda ya tsani yau 7 gobe 10, musamman masu rassa irin Acropora, nan da nan sai ka ga fata na zamewa daga gindi. Takardar tsomawa ba za ta nuna maka ƙaramin canji daidai ba, kala ce kawai ka yi ta canke. Ka riƙa aunawa a lokaci ɗaya kullum, a haka za ka san nawa tankinka ke ci a rana, sai ka raba sodar kaɗan-kaɗan a inda ruwa ke gudu sosai.

Inda ya ɗan gaza, ido yake so. A ƙarƙashin shuɗiyar fitilar tanki ba za ka gane canjin kalar ba sam, sai ka fita inda akwai farin haske ka sa farar takarda a baya. Sannan shi KH kaɗai ya sani. Magneziyam kit ɗinsa daban, kuma in ya yi ƙasa da 1250 zuwa 1350 ppm (kashi cikin miliyan) ɗin da ake so, yashin zai iya ci gaba da dunƙulewa ko da KH ɗinka na nuna daidai, don haka ka haɗa su biyun a oda ɗaya ka huta da kuɗin aike. Baƙin tabo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ƙasan yashi mai kauri kuwa wata matsala ce daban, rashin iska ne a wurin, babu kit ɗin KH da zai gaya maka, kuma kar ka tona shi gaba ɗaya kifi na ciki.