FishBase: Rumbun Sunayen Kifayen Duniya da Amfaninsa ga Mai Jin Hausa

Bahaushe ya san kifin kogi da na tafki sani na haƙiƙa, kuma ya raɗa wa kowanne sunansa tun kaka da kakanni: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, gaiwa, ƙurungu, minjirya, tsage da sauransu. Sai dai kaso mai yawa na kifin da ake soyawa a biranen Arewa a yau ba daga Yauri ko Baga yake fitowa ba. Kifin teku ne da ake shigowa da shi a daskare cikin katan, kuma da yake ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, ba mu gaji sunayensa ba, aronsu muka yi. A Najeriya mun karɓi titus da kote da shawa da panla daga bakin 'yan kasuwar Kudu, a Nijar kuma ana jin sunayen Faransanci irin su chinchard da maquereau. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fassara labarin kamun kifi, ko ya so ya tabbatar da irin kifin da yake saye, ya san cewa waɗannan sunaye ba sa kai mutum ko'ina da zarar ya bar kasuwar da ake faɗarsu. Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi bitar FishBase, shafin intanet na kyauta wanda aikinsa shi ne ɗaure kowane sunan kifi, a kowane harshe, ga suna guda na Latin.

Masana biyu ne suka kafa shi, Daniel Pauly da Rainer Froese, a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da suke aiki a cibiyar binciken albarkatun ruwa ta ICLARM a ƙasar Filifin, wadda daga baya ta zama WorldFish. An fara rarraba shi a faifan kwamfuta, sannan ya hau intanet a 1996, kuma tun daga 2000 gamayyar cibiyoyin bincike na ƙasashe daban-daban ce take kula da shi, ciki har da gidan tarihin Afirka ta Tsakiya da ke Tervuren a Beljiyam, wanda ya fi mai da hankali kan kifayen Afirka. Yanzu yana ɗauke da bayanan nau'o'in kifi sama da 35,000 da sunayen gama-gari fiye da 300,000 a ɗaruruwan harsuna. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma buƙatar rajista kafin a yi bincike.

Shafin farko yana ba da hanyoyin nema da dama: ta sunan gama-gari, ta sunan kimiyya, ta dangin kifi, ko ta ƙasa. Hanyar da na fi ganin amfaninta ga mutanenmu ita ce ta sunan kimiyya, domin galibin katan-katan da ake shigowa da su suna ɗauke da shi a jikin takardar da aka liƙa, tare da lambar yankin tekun da aka yi kamun bisa tsarin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Lamba 27 tana nufin arewa maso gabashin Tekun Atlantika, wato ruwan da ke kusa da Norway da Ireland da Iceland. Lamba 34 kuwa ita ce gabashin tsakiyar Atlantika, daga Maroko da Muritaniya har zuwa Mashigin Gini. Idan aka rubuta Scomber scombrus a gurbin nema, sai shafin kifin da muke kira titus ya buɗe, da hotonsa mai zanen baƙaƙen layuka masu lanƙwasa a gadon baya, da tsawon da yake kaiwa, da zurfin da yake rayuwa, da taswirar inda ake samunsa, da matsayinsa a jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Daga nan ne mutum zai gane cewa akwai ɗan'uwansa, Scomber colias, wanda ake kamawa a ruwan Afirka ta Yamma, mai ido babba da ɗigo-ɗigo a gefen ciki, alhali cikin na farkon fari ne tas. Wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne, domin kifayen biyu ba ɗaya suke ba wajen maiƙo da farashi, kuma mai saye da bai san alamar ba yana iya biyan kuɗin wani ya tafi da wani.

Haka abin yake ga kote, mai jerin ƙayoyi masu tauri a gefen jiki zuwa wutsiya, waɗanda duk mai gyaran kifi ta san sai an yanke su. Sunan guda ne a kasuwa, amma a ƙarƙashinsa akwai Trachurus trachurus na ruwan Turai, da Trachurus trecae na gaɓar Afirka ta Yamma, da Trachurus capensis na Namibiya, da Trachurus murphyi da ake kamawa a ruwan Chile, can a Tekun Pasifik. Shafin yana jera su duka idan aka nemi kalmar farko ta sunan kaɗai, wato Trachurus, kowanne da taswirarsa.

Sashen da ya fi kowane daraja a wurina shi ne jadawalin sunayen gama-gari da ke tare da kowane kifi, inda ake nuna sunan, da ƙasar da ake amfani da shi, da harshen, da kuma majiyar da aka samo shi. A nan ne ake ganin yadda sunaye suka yi tafiya tare da fatake da masunta. Kalmar Latin scomber, wadda Rumawa suka karɓa daga Girkawa, tana nan da ranta a Turkanci a matsayin uskumru, a Rashanci skumbriya, a Larabci kuma isƙumri, amma Faransawa suka ce maquereau, Sifaniyawa suka ce caballa. Thunnus ya zama thon a Faransanci da tonno a Italiyanci, ya bi ta Larabci ya shiga Sifaniyanci a matsayin atún, da harafin Larabci na ma'arifa manne a gabansa. A nan kuma ake ganin tarkon da ke jiran mai fassara. Gadus morhua, wanda Norway take busarwa ta sayar wa Najeriya da yawa, shi ne bacalhau a Fotugal da torsk a Norway, Faransawa kuma suna da suna biyu gare shi, cabillaud da morue. Italiyawa suna kiransa merluzzo, amma merluza a Sifaniyanci wani kifi ne daban, na jinsin Merluccius, ɗaya daga cikin waɗanda ake sayar mana da sunan panla. A Ghana ana kiran Sardinella da herring, sunan da Ingilishi ya keɓe wa Clupea harengus, wato shawa, ana kuma kiran dangin titus da sunan salmon, kifin da ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Ko sardin gwangwani ba kifi ɗaya ba ne, tunda ƙa'idar abinci ta duniya ta yarda a sayar da nau'o'i sama da 20 da wannan suna, ko da yake wanda ake kawowa daga Maroko Sardina pilchardus ne. Ƙamus na yau da kullum ba ya iya warware irin wannan ruɗani, domin kalma yake musanyawa da kalma. FishBase kuwa yana mayar da kowace kalma ga kifin kansa.

Tushen wannan tsari ya girmi shafin da ƙarnuka. Masanin Suwidin Carl Linnaeus ne ya daidaita ba wa kowace halitta suna mai kalma biyu, kuma bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, shi ne mafarin sunayen dabbobi da ake aiki da su har yau. A fannin kifi ya dogara ƙwarai da aikin abokinsa Peter Artedi, wanda ya nutse a wata magudanar ruwa a Amsterdam a 1735, Linnaeus kuma ya buga rubuce-rubucensa a 1738. Shi ya sa mai amfani da shafin zai riƙa ganin sunan Linnaeus da 1758 a gaban kifaye da yawa, har da giwan ruwa, Lates niloticus. Idan sunan masanin yana cikin baka biyu, alama ce cewa an sauya wa kifin jinsi, wato kalmar farko ta sunansa na Latin, bayan bayaninsa na farko. Ƙaramin abu ne, amma ɗalibin da bai sani ba yakan cire bakan ko ya ƙara shi a inda babu, yana zaton ado ne.

A ƙarƙashin sunan kowane kifi akwai ɗan layi da ke bayyana asalin kalmomin, kuma a nan ne nake da yabo haɗe da ƙorafi. Yabon shi ne an kula da abin tun farko. Ƙorafin shi ne bayanin gajere ne ƙwarai, sau da yawa yana tsayawa ga kalmar farko ya bar ta biyu, alhali a kalma ta biyun ne ake yawan ɓoye labarin ruwan da kifin yake. Latin yana da kalmomin teku da yawa, kuma kusan dukkansu sun shiga sunayen kifaye. Mare ita ce kalmar yau da kullum, daga gare ta aka samu marinus, kamar a Petromyzon marinus, kuma bayanin da aka saba bayarwa game da Merluccius shi ne haɗin mare da lucius, sunan wani kifin ruwan daɗi mai dogon baki. Pelagus, da aka aro daga Girkanci, tana nufin tsakiyar teku nesa da gaɓa, ita ce a cikin Alopias pelagicus, kuma ita ce asalin kalmar pelagic da shafin yake amfani da ita ga kifayen da ke yawo a cikin ruwa ba a ƙasansa ba. Aequor, wato shimfiɗaɗɗiyar fuskar ruwa, kalmar mawaƙan Rum ce, amma ga ta a Entelurus aequoreus. Pontus ma daga Girkanci take, kuma da yake Rumawa suna kiran Bahar Aswad da Pontus Euxinus, sai aka sa wa wasu ƙananan kifayen yankin suna Ponticola, ma'ana mazauna Pontus. Bahar Rum, wanda su suke kira Mare Nostrum, tekunmu, sai daga baya aka san shi da Mediterraneum, na tsakiyar ƙasa, shi ne a Trachurus mediterraneus. Bahar Maliya kuwa Mare Rubrum ne a wurinsu. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi, ya haɗa da atlanticus da indicus da pacificus da capensis da senegalensis, zai iya karanta rabin taswirar kifi daga sunansa, duk da cewa dole ya yi hattara, domin sunan yakan nuna inda aka fara samun kifin ne, ba iyakar inda yake ba. Tarwaɗar da ake kiwo a tafkunan Kano da Zariya sunanta Clarias gariepinus, daga Gariep, tsohon sunan Kogin Orange na Afirka ta Kudu. Mai son zurfafa bincike a wannan fanni zai fi samun biyan buƙata a shafin ETYFish, wanda aikinsa kacokan shi ne bayanin asalin sunayen kifaye.

Akwai wasu naƙasu da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya shiga. Fasalin shafin na tsohon yayi ne, rubutu ƙanana ne kuma a cunkushe, mahaɗai sun yi yawa a wuri guda, don haka ya fi daɗin amfani a kwamfuta fiye da ƙaramar waya. Ana iya sauya harshen kanun bayanai zuwa Faransanci ko Sifaniyanci ko Jamusanci da wasu harsuna, abin da zai taimaki 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, amma bayanin rayuwar kifin yakan tsaya da Ingilishi, kuma babu Hausa cikin harsunan da ake sarrafa shafin da su. Abin da ya fi damuna shi ne jadawalin sunaye yana jera kowane suna daidai da ɗan'uwansa, ba tare da nuna wanda yake bakin kowa da wanda ya tsaya a wani tsohon rahoto ba. Ga harsunan Turai wannan ba babbar matsala ba ce, tunda akwai ƙamus-ƙamus da hukumomin da suka daidaita sunayen. Ga harsunan Afirka kuwa, inda sunan kifi yake iya bambanta tsakanin Sarkawan Kebbi da masuntan Tafkin Chadi, suna ɗaya da aka rubuta a ƙarƙashin ƙasa guda ba ya wakiltar kowa. Saboda haka duk sunan gida da aka gani a wurin, a ɗauke shi a matsayin mafari, a tabbatar da shi daga bakin masu sana'ar su ko dillalan kifi.

A 'yan shekarun nan an ƙara wani sashe mai nuna sinadaran gina jiki da ke cikin kifi, irin su furotin da kalshiyam da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Yana da amfani ga ma'aikatan lafiya da masu koyar da girki, amma a lura cewa yawancin alƙaluman ƙiyasi ne da aka fitar ta hanyar lissafi, ba awon kowane kifi a ɗakin gwaji ba.

Ina ba da shawarar FishBase ba tare da jinkiri ba ga ɗaliban kimiyyar halittu da na kiwon kifi, ga masu fassara da 'yan jaridar Hausa da kan ci karo da sunayen kifayen teku a labaran ƙasashen waje, da kuma manyan dillalan kifin ƙanƙara da ke son sanin ainihin abin da ke cikin katan kafin su biya. Ga mai sayen kifin miya na yini guda, wahalar shiga ta fi ribar da zai samu, idonsa da amanar mai sayarwa sun ishe shi. Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a fara da sunan Latin idan akwai shi. Idan babu, a nemi sunan Ingilishi ko na Faransanci, a gwada hoton da kifin da ke hannu, a duba taswira a ga ko ta dace da lambar yankin da ke jikin katan, sannan a buɗe jadawalin sunaye. Wanda kuma yake neman jatan lande ko ƙaguwa ko dabbobin teku masu shayarwa ba zai same su a nan ba, domin shafin na kifi ne zalla. An buɗe musu nasu rumbun mai irin wannan tsari, SeaLifeBase.