Eldaberi ko fici: wanne ya dace da bayan gidanki?

Hajiya, barka da sabon gida, Allah ya sa mai albarka ne. Kin ce kun tare a Columbus ta jihar Ohio a Amurka, filin baya ba shi da faɗi, akwai kusurwar da ruwa ke kwanciya in an yi sama, yaranki kuma ƙanana ne. Kin ga dashen eldaberi (elderberry, ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya baƙaƙe) da na fici (peach, bishiya mai 'ya'ya masu zaƙi da ƙwallo a ciki) a wurin masu sayar da shuke-shuke, kina tambayar wanne za ki ɗauka. Waccan kusurwa mai ruwa dai ta eldaberi ce. Fici sai in kina da wani wuri a kan tudu, kina kuma da lokacin da za ki ba shi.

Daga ƙasa maganar take farawa. Yawancin ƙasar tsakiyar Ohio yumɓu ce mai riƙe ruwa, shi kuwa fici babu abin da ya ƙi jini kamar haka. Saiwarsa in ta yi 'yan kwanaki a jiƙe sai ta fara ruɓewa, ki ga ganye ya yi ɗorawa, ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara masa ruwa, alhali ruwan ne ke kashe shi. Eldaberi ɗan fadama ne. A gabashin Amurka da kansa yake fitowa a bakin rafi da kwalbatin gefen hanya, ba wanda ya shuka shi. Sai dai saiwarsa ba ta nisa cikin ƙasa, don haka in zafin Yuli ya zo babu ruwan sama sai kin yi masa ban-ruwa, kuma kada a sa fartanya a gindinsa da ƙarfi. Ki lulluɓe gindin da ɓawon itace ko busasshen ganye, ya wadatar.

Sanyi kuma dukansu suna bukatarsa, amma ba iri ɗaya suke jure shi ba. Yawancin irin fici sai ya samu awa 600 zuwa 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 a ma'aunin Celsius ba kafin ya yi fure yadda ya kamata. ('Yan'uwa da ke Kano ko Maraɗi, dalilin ke nan da hunturunmu ba ya isar sa.) A Ohio samun wannan sanyi ba matsala ba ne, matsalar ita ce gaggawar bishiyar. Cikin Afrilu take fure, tun sanyi bai gama sallama ba. Dare ɗaya ya sauka digiri 3 ko 4 ƙasa da sifili furen na buɗe, amfanin shekarar ya tafi. Ko manyan manoma ba su tsira ba: a 2023 jihar Jojiya, wadda ake wa kirari da jihar fici, ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na amfaninta, saboda hunturu ya zo da ɗumi sannan sanyi ya dawo a Maris. Eldaberi bai san wannan fargaba ba. Sai Yuni yake fitar da faffaɗan furensa fari, lokacin da ba a maganar ƙanƙara, 'ya'yan su nuna a Agusta zuwa Satumba.

Wajen aiki ne ratar take da yawa, kuma a nan nake so ki tsaya ki auna kanki. Fici yana 'ya'ya ne a reshen da ya fito bara, saboda haka kowace shekara a ƙarshen hunturu sai an datse shi sosai, a buɗe tsakiyarsa rana ta shiga, don ya yi sabbin rassa. Bayan ya ɗaura 'ya'ya kuma sai kin cire mafi yawansu da hannunki tun suna ƙanana, ki bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin ɗaya da ɗaya. Wannan yana wa masu sabon dashe ciwo, na sani, amma in ba a yi ba 'ya'yan ba za su yi girma ba, nauyi kuma ya karya reshe. Ga cutar naɗewar ganye: ganyen ya kumbura, ya murɗe, ya yi ja, daga baya ya zube. In kin gan ta lokaci ya riga ya wuce, domin feshin maganin tagulla ana yinsa ne tun bishiyar na tsirara, kafin toho. Ga ruɓewar da ke kama 'ya'yan ana saura kwanaki a tsinka, musamman in an yi ta ruwa. Sannan ki riƙa durƙusawa kina duba gindin bishiyar daidai ƙasa. In kin ga ƙaro yana tsatsowa haɗe da garin itace, tsutsa ce a ciki tana ci, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ƙaramar bishiya. Duk wannan hidima, shekara 12 zuwa 15 yawanci bishiyar ta gaji.

Na eldaberi bai kai rabin haka ba. Ƙarshen hunturu ki sare sandunan da suka wuce shekara 3, sababbi su maye gurbinsu. Damuwarsa biyu ce: yana tsiro daga saiwa yana cin fili, sai kin riƙa yanke abin da ya ƙetare iyaka, sannan tsuntsaye suna son 'ya'yan fiye da ke, sai an sa raga.

To amma fici yana da abin da eldaberi ba zai taɓa ba ki ba. Wanda ya nuna a kan bishiya, kika tsinke shi da ɗumin rana a jikinsa, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu, ba ɗaya yake da na kanti ba, wanda ake tsinkewa da sauran tauri don ya jure tafiya. Yara za su tsaya a gindinta su ci su ƙoshi, kawai a hana su fasa ƙwallon su ci abin da ke ciki. Eldaberi kuwa kamar zoɓo yake, sai ya bi ta tukunya. 'Ya'yan ƙanana ne baƙaƙe, tari guda a kan sili, kuma tsige su aiki ne. Dabarar ita ce ki sa tarin a firiza, in ya daskare ki karkaɗe a roba su zubo. Sai ki dafa, ki tace, ki sa zuma da citta da kanumfari. Furen ma a Ingila jiƙa shi suke da sukari da lemon tsami su yi abin sha. Za ki ga ruwan eldaberi a kantin magani ana sayarwa don mura, amma ki ɗauke shi abin sha, kada ya hana ki kai yaro asibiti.

Tun da kin ambaci ƙananan yara, wannan ki riƙe shi da kyau. Ganyen eldaberi da silinsa da saiwarsa da 'ya'yan da ba su nuna ba suna ɗauke da sinadarin da ke sakin guba a ciki, ɗanyen nunanne ma yana iya sa amai da gudawa. A Agustan 1983 a yankin Monterey na jihar Kalifoniya, mutum 8 aka ɗauka da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti bayan sun sha ruwan ɗanyen eldaberi da aka matse haɗe da ganye da rassa. Dafuwa tana kawar da matsalar 'ya'yan, amma yaro ɗan shekara 3 bai san da dafuwa ba, abin da ya gani ne zai kai baki. In za ki dasa, ki kewaye shi da waya har su yi wayo.

Wajen saye, fici guda ɗaya ya isa, shi yake yi wa kansa barbara, ki ba shi fili kamar mita 4 zuwa 5 da rana tun safe har la'asar. Ki nemi irin da ake kira Reliance ko Contender saboda jure sanyi, ko Redhaven da aka fitar a Michigan a 1940 kuma har yau ana yayinsa. Shekara ta 3 ko ta 4 zai fara ba ki. Eldaberi ya fi cika 'ya'ya in iri biyu ne kusa da juna, misali Adams da York, tazarar mita 2 zuwa 3, kuma a shekara ta 2 ko ta 3 za ki fara ɗiba. Shekarar farko ki tsinke furen, ƙarfinsa ya tafi saiwa.

In ranki ya kafe a kan fici, kafin ki biya kuɗi ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 a inda kike so, ki cika shi da ruwa. Washegari in da sauran ruwa a ciki, kada ki dasa a nan, sai dai a tara ƙasa a yi tudu mai faɗi a dasa a kai. Afrilu ne lokacin dashen, da zarar ƙasa ta saki daga daskarewar hunturu.