Gyaran laftof ɗina a ƙarƙashin garanti: aiki ya yi kyau, samun labari ne wahala

Idan za a ba kamfanin da ya gyara min laftof maki, sai dai a raba shi gida biyu. Injiniyoyin da suka taɓa ta sun san aikinsu, tun da ta dawo ba ta sake ba ni matsala ba. Waɗanda aka ajiye su riƙa amsa waya da saƙon kastoma kuwa, Allah ya gyara kawai.

Zanen katin gayyata da fosta nake yi a Kano, kwamfutar nan ita ce shagona. Sabuwa na saye ta a kwali wajen dila mai lasisin kamfanin, da rasit da garanti na shekara ɗaya, na ƙi ɗaukar ta hannu duk da sauƙin kuɗinta. Ba ta cika wata bakwai ba ta fara mutuwa da kanta, daga baya ko fitilar caji ta daina kawowa. Wani abokina mai gyara a kasuwar wayoyi ta Farm Centre ya ce zai iya duba ta a ranar, amma ya gaya min gaskiya: in ya kwance ta, kamfani na iya cewa garanti ya ɓaci. Shi ya sa na mayar wa dila.

Yaron shagon ya jujjuya ta, ya haska ramin caja da fitilar wayarsa ko zai ga alamar ruwa ko ƙuna, domin garanti ba ya ɗaukar abin da ruwa ko wutar NEPA suka lalata, sai lahanin da ta fito da shi daga masana'anta. Ya kwafi lambar da ke bayanta, ya ba ni takarda, ya ce, "Yallaɓai, Legas za mu tura, mako biyu in sha Allahu." Cibiyar gyaran tasu a Ikeja take. Wannan kaɗai abin dubawa ne ga duk mai sayen sabuwar kwamfuta a Arewa: garantin yana hannunka, amma mai cika shi yana iya kasancewa can kudu.

Mako biyun ya wuce shiru. Na kira lambar da ke jikin takardar. Sai ka saurari kiɗa, katinka na tafiya, kafin wata murya mai ladabi ta ɗauka ta tambayi sunanka, lambar kwamfuta, abin da ya same ta, duk abin da ka faɗa wa na jiya. Amsar kuma ɗaya ce: ana kan aiki, za a kira ka. Ba wanda ya taɓa kira. Wata ta ce min kwamfutar ba ta iso ba tukuna, washegari wani ya ce an gama dubawa ana jiran kayan gyara. Da na koma wa dila, ya ɗaga hannu sama: "Wallahi Malam, mu ma abin da suka gaya mana ke nan, ka ƙara haƙuri." Aka mayar da ni ƙwallo tsakanin Kano da Legas.

Ba rashin ladabi nake kuka da shi ba, ko sau ɗaya ba a yi min tsawa ba. Matsalar ita ce mai amsa wayar bai fi ni sanin halin da ake ciki ba. Layi ɗaya yake gani a allon gabansa, shi yake karanto maka, ba shi da ikon tambayar injiniya balle ya yanke maka rana. Jinkirin kansa yana da dalili, kuma da an faɗa min tun farko da na shirya: madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, ita ce ta lalace, irin tata ba ta ajiye a Najeriya, sai an yi odar ta daga waje ta bi ta kwastan. Wannan bayani ne na minti ɗaya. Da na ji shi da wuri, da na yi hayar wata kwamfutar maimakon in riƙa yi wa amare alkawarin gobe, ga shi lokacin bukukuwan bayan Sallah ne. Ayyukan da suka kuɓuce min a tsakanin nan ba garantin da zai biya su.

Abin da ya motsa su rubutu ne, ba waya ba. Na aika imel da lambar ƙorafin, ranar da na miƙa kwamfutar, hoton rasit da takardar karɓa, na nemi abu biyu kawai: me ya lalace, kuma yaushe zan karɓa. Na ƙara da cewa in shiru ya ci gaba zan kai maganar hukumar FCCPC, wadda dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, tana kuma karɓar ƙorafi ta intanet. Ban kai ga zuwa ba. Wani shugaban sashe ya kira ni da kansa, shi ne mutum na farko da ya ambaci madabod, ya kuma ba ni rana. Ya cika, duk da cewa an riga an shiga wata na biyu.

Akwai abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai, kuma ya kamata ya zama cikin bayanin farko. Da na kunna ta sai ga shuɗin allo yana neman mabuɗin BitLocker. Yawancin sababbin kwamfutoci masu Windows 11 suna kulle bayanan ciki, kullen kuma a ɗaure yake da madabod, da zarar an canza ta sai an shigar da lambobi 48 kafin ta buɗe. Nawa na same su a asusuna na Microsoft ta waya. Wanda a shago aka saita masa kwamfuta da imel ɗin da bai san shi ba, yana iya rasa komai ko da gyaran ya yi kyau. Takardar karɓar ma ta faɗa da ƙananan haruffa cewa bayananka ba ruwansu da su.

Ko kwabo ban biya ba, har kuɗin kai ta da dawo da ita, kuma sabuwar madabod a kasuwa kuɗinta ba kaɗan ba ne. Ta wannan fuskar garantin ya biya kansa. Amma nan gaba kafin in sayi wata, zan tambayi dila inda ake gyara, ko suna ajiye kayan gyaran wannan samfurin, da ko suna ba da aron wata in abin ya ja. Na kuma nemi su ƙara min lokacin da kwamfutar ta yi a hannunsu a kan garantin. An ce an tura wa sashen da abin ya shafa.