Ƙaramin injin yankan shinkafa mai faɗin mita 1.2: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

Wannan shi ne injin da ake bi a baya ana riƙe da hannayensa biyu, mai ƙarfin doki 5 zuwa 7. Yanka kawai yake yi, ba ya casa. Wuƙaƙe masu kusurwa uku ne ke kai da komo a gabansa, sarƙoƙi masu haƙora su kwashi karan a tsaye su kwantar da shi a jere ta hannun dama. A gona shimfiɗaɗɗiya busasshiya yana gama hekta cikin awa 4 zuwa 5, aikin da kan ci wa mai lauje awa 40 zuwa 80.

Ribarsa ta gaskiya lokaci ne. Shinkafa tana son yanka idan kashi 80 zuwa 85 na zangarniya ya yi ruwan ɗorawa, danshin tsaba na tsakanin kashi 20 da 25. Idan aka tsaya jiran leburori har ta bushe ƙayau, tsaba ta kakkaɓe a ƙasa, wadda ta rage kuma ta tsattsage a ciki ta karye wajen gyara. A kasuwar duniya da yawan karayar ake ware shinkafa, mai kashi 5 daban, mai kashi 25 daban, kuma Indiya da Tailan da Biyetnam ne ke cika ta da kaya. Ƙaramin manomi ba zai kamo su a yawa ba, amma zai iya hana tasa karyewa.

Kafin a shiga gona, a janye ruwa kwana 7 zuwa 10. A share kusurwoyi huɗu da gefe ɗaya da lauje, sannan a riƙa zagayawa da shukar da ke tsaye a hagu, don yankakken ya faɗa a fili.

Inda yake ba da haushi shi ne shinkafar da ta kwanta. Haƙoran ba sa ɗaga ta, sai ta cushe a bakin wuƙa. A taɓo ma tayoyinsa santsi suke yi. Idan ka ga yana tauna kara maimakon yanka, wuƙa ta dushe ko tazarar da ke tsakaninta da abin da take gogawa ta wuce rabin milimita. Idan layin da yake zubarwa ya hargitse, sarƙa ce ta saki. A ajiye wuƙaƙe da ƙusoshinsu da bel a kusa, a zuba wa wuƙa mai kowane awa biyu, a canja baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100.

A ganinmu, kada wanda ba shi da injin casa a hannu ya saye shi. Yankakkiyar shinkafa ba ta son wuce kwana ɗaya a ƙasa, raɓa da rana suna fasa tsabar. Babban injin da ke yanka yana casa a tafiya ɗaya ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, sai dai yana son faffaɗar gona da ƙwararren makanike, don haka haya ta fi saye. Ga mai 'yan hektoci, ko manoma kaɗan da suka haɗa kuɗi, wannan ƙaramin ya dace, muddin an tabbatar kayan gyaransa na samuwa kafin a biya.