Rigakafin kaji: mai rai, matacce ko bitamin, wanne za ka saya?

Mutane da yawa in sun tashi sayen abin kare kajinsu sai su haɗa komai a kwando ɗaya, wai duk "maganin garkuwa" ne. To ba haka ba ne, garkuwar jikin kaza kashi biyu ce, kuma kwalbar da za ka ɗauka ɗaya daga ciki take taɓawa.

Akwai wadda ake ƙyanƙyasar ɗan tsako da ita: fata, majinar hanci da maƙogwaro, tsamin ciki, fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka gani, har da zafin jikin kazar kanta da ke kai digiri 41. Wannan tana tashi cikin awoyi amma ba ta tuna fuskar kowa. Ta biyun kuma koyo take yi, sai ta gamu da ƙwayar cuta tukun ta ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, abin kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, amma fa in ta riƙe ta riƙe. Rigakafi da ita yake magana.

Bitamin da su garin sa wa a ruwa, gaskiya ba sa koya wa jiki komai. Suna taimakon kazar da zafi ko doguwar tafiya ya galabaitar, shi ke nan. Antibayotik kuwa bai ma shigo layin ba, cututtukan Niyukasil da Gumboro bairos ne ke kawo su, ko ka zuba buhu guda ba zai taɓa su ba.

Sai rigakafi mai rai, irin su Hitchner B1 da LaSota na Niyukasil. Ƙwayar cutar ce da ranta amma marar ƙarfi, ana ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, kuma ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin bayarwa in kajin suna da yawa. Yana gina kariya a hanci da maƙogwaro, daidai ƙofar da cutar ke shigowa. B1 ya fi laushi shi ya sa ake fara wa ƙananan tsaki da shi, LaSota ya fi ƙarfi, wani lokaci ma sai ka ji suna ɗan atishawa bayan an ba su. Matsalarsa raki, dole ya zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ruwa mai kulorin kashe shi yake, kuma da ka haɗa to su shanye cikin awa biyu, ragowar zubarwa ake yi ba a ajiye wa gobe, sannan kariyar ba ta daɗewa sai an riƙa maimaitawa. In ka san sanyin firjinka ba abin dogaro ba ne nemi I-2, wanda aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya, ya fi jure zafi. Jurewa na ce fa, ba wai a bar shi a rana ba.

Matacce kuma an kashe ƙwayar an cakuɗa ta da mai, don haka allura ce, kaza ɗaya bayan ɗaya, ga tsada ga wahala. Ba ya saurin kamawa amma yana daɗewa, shi ya sa ya fi dacewa da masu ƙwai da iyaye, bayan an riga an share masa hanya da mai rai. Kar ya daskare, kuma ka kula da yatsanka, in allurar mai ta soke ka asibiti za ka nufa nan take. Kajin nama da za su tafi cikin sati shida ko bakwai, ni dai ban ga dalilin wannan ɗawainiyar ba sai in likitan dabbobi ya ce.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne Gumboro. Cutar tana cin wata 'yar jaka da ke kusa da duburar tsako, inda ƙwayoyin garkuwar koyo suke girma, in ta lalace sauran rigakafin ma ba za su kama da kyau ba. Amma tsako na fitowa da kariyar uwa ta cikin gwaiduwa, wadda ke raguwa zuwa wajen sati uku, in ka ba da wuri ita za ta kashe rigakafin, in ka makara cutar ta riga ka. Don haka kafin ka sayi kwalba tambayi inda ka ɗauko tsakin me aka yi wa iyayensu, me aka ba su ranar farko, ka duba ranar ƙarewar aiki da yawan kajin da kwalbar ke ɗauka, kuma ka je da kula mai ƙanƙara.