SULTAN: Inda Ake Gwada Kebul Kafin A Naɗa Shi Maganadisu

Aikina haɗa kebul ne na maganadisun injinan haɗakar nukiliya, irin wanda idan an sanyaya shi ƙwarai wuta ke bi ta cikinsa ba turjiya ko kaɗan. Mai wannan sana'a ko ba daɗe ko ba jima sai ya kai samfurinsa SULTAN, na'urar gwaji ta jami'ar EPFL da ke harabar cibiyar Paul Scherrer a Villigen, ƙasar Suwizalan. Mu ma can muka kai namu.

Samfurin kebul biyu ne a jere, tsawonsu ya ɗara mita 3, an haɗe su daga ƙasa. Sai a zura su a tsakiyar maganadisu mai ƙarfin kusan tesla 11, a tura musu sinadarin hiliyom mai sanyin kelbin 4.5, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Na'urar na iya ba da wuta har amfiya 100,000. Daga nan a riƙa ɗumama hiliyom ɗin sannu a hankali, har wuta ta fara tsallakawa cikin jan ƙarfen da ke kebul ɗin. Zafin da hakan ke faruwa shi ne alƙalamin da kowa ke jira. Ina tsaye bayan masu aikin ina kallon layin allon kwamfuta yana kwance shiru, sai ya fara ɗaga kai, gabana na faɗuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne maimaici. Ba gwaji ɗaya suke yi su sallame ka ba. Kunna wuta suke su kashe, sau ɗaruruwa har dubbai, su bar samfurin ya huce su sake sanyaya shi. Dalili kuwa, zaren da ke cikin kebul ɗin, na haɗin ƙarfen niyobiyom da kuza, yana da gautsi kamar ƙwai. Kebul mai ɗauke da amfiya 68,000 a cikin wannan maganadisu, nauyin da ke danne kowace mita tasa ya kai kusan tan 75. Kowace dannawa tana iya tsaga zare.

Wannan maimaicin ne ya fallasa matsalar kebul ɗin babban maganadisun tsakiya na ITER, injin gwajin haɗakar nukiliya da ake ginawa a kudancin Faransa. A 2010 aka ga ƙarfinsa na raguwa yayin da ake maimaita gwajin. Aka koma aka matse murɗin zaren, aka sake kawo shi SULTAN, raguwar ta tsaya. Da sai bayan naɗi aka gano, asarar ba ta faɗuwa.

Na'urar tana da iyaka, ya kamata mai zuwa ya sani. Inda maganadisun ya fi ƙarfi bai kai rabin mita ba, alhali kebul na gaske ɗaruruwan mita ne. Kuma tesla 11 bai kai 13 da maganadisun tsakiya na ITER zai yi aiki a kai ba, balle 20 da masu sabon nau'in waya mai siffar tef da ake kira REBCO ke nema, don haka ragowar sai da lissafi.

Duk da haka ni dai ba zan yarda a naɗa kebul ɗin da bai bi ta nan ba. Ka nemi gurbi da wuri, ka kuma kula da mahaɗar ƙasan samfurinka, domin idan wuta ba ta rabu daidai a nan ba, sakamakon zai ruɗe ka.